Abin da Na Sa Aka Kafa a Falon Maigida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tare a sabon gidanmu na Gummi ba, duk da na so ƙwarai a ce na manta. An ɗan kwana biyu da yin abin, amma har yau in ina wanke-wanke ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce "innalillahi" da ƙarfi, yara su rugo suna tambaya ko yankewa na yi.

Maigidana a Fatakwal yake aiki, daga salla sai salla muke ganinsa. Da ya tashi gina mana gida, wansa, Yaya Bello, shi ya tsaya a kan aikin tun daga tushe har aka yi rufi. Ba laifi, ya yi ƙoƙari. Amma da aka zo kan kayan ciki, su tayil da fenti da kayan banɗaki, sai maigidan ya ce a bar mini, tunda ni zan zauna a gidan. Wannan magana ba ta yi wa Yaya Bello daɗi ba. A gaban Inna, mahaifiyarsu, ya ce, "Mace mi ta sani ga gini? Ta bari a ƙare mata, ta shigo ta shimfiɗa tabarma."

Inna ce ta tare mini. Ta ce, "Bar ta, Bello. Ɗiyar ga tana da ido. Duk atamfar da ta zaɓo ba ta kwana." (Sana'ata ke nan, sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Yadda aka yi na yarda cewa wadda ta iya zaɓen atamfa ta iya zaɓen kayan banɗaki, wannan ni ma har yanzu ban gano ba.)

Tun daga ranar na ƙulla a raina sai na yi abin da Yaya Bello zai gani ya yi shiru. Ban nemi shawarar kowa ba. Da aka samu ranar da direbobi suka ce hanya lafiya, na shiga mota na tafi Sakkwato ni kaɗai.

Shagon da na shiga babba ne, farin tangaran ko'ina sai ƙyalli yake yi. Na zaɓi masai na zama, na zaɓi na tsugunno saboda Inna da baƙi, na zaɓi shawa da kawunan famfo. Har na juya zan fita, sai idona ya faɗa kan wani abu da aka jingine can a lungu. Fari ne tas, dogo kaɗan, bakinsa a buɗe kamar an raba ƙwarya biyu an tsayar da ita, ga wani ɗan maɓalli na azurfa a samansa. Ban taɓa ganin irinsa a gidan kowa ba, kuma wannan shi ne ya ja ni. Na ce a raina, wurin wanke hannu ke nan na zamani, wanda ruwa ba zai fantsama wa mutum a riga ba. Nan take na hango shi a falon maigida, baƙi sun ci tuwo sun tashi sun wanke hannu, ba mai neman buta da roba.

Mai shagon mutumin kudu ne, Hausarsa sama-sama. Da na nuna abin na ce a haɗa mini da shi, ya dube ni ya ce, "Hajiya, otal kike ginawa, ko makaranta?"

Na yi dariyar jin daɗi na ce, "Gida ne kawai." Ni a wautata yaba mini yake yi.

Wanda zai ɗaura kayan kuwa ban je nesa ba. Murtala mai aikin famfo mijin Rabi ne, 'yar wana, wadda ni na riƙe ta tun tana ƙarama har na aurar da ita. Ka ga ke nan surukina ne. Mutum ne mai kunya ta fitar hankali. In ya hango ni tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, kuma tunda ya auri Rabi ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. Na ɗauke shi don na san ba zai yi mini gardama ba, ba kuma zai kai wa Yaya Bello rahoto ba. Duka biyun ya cika mini su, abin da ya kashe ni ke nan.

Ya buɗe kwalaye yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana cewa ma sha Allah. Da ya zo kan abin nan sai ya yi tsit. Ya juya shi, ya sosa ƙeya, kansa a ƙasa ya ce, "Gwaggo, wanga kuma ina za a sa shi?"

Na ce, "Falon maigida."

Ya ce, "Wato banɗakin da ke jikin falon?"

"A'a, cikin falon. Nan gefen ƙofa, inda duk wanda ya shigo zai gani."

Ya sake sosa ƙeya. Da wata 'yar murya can ƙasa ya ce, "Gwaggo, ai wanga... na maza ne."

Na ce, "To ai shi ya sa na ce falon maza. Ka ji na ce a kai ɗakina?"

Wallahi ina iya tuna yadda gumi ya keto masa a goshi, na ɗauka zafin gari ne. Ya ce ko za a ɗan yi masa katanga, ko da gajera ce, saboda sutura. Na ce katangar me, abin da na ɗauko tun daga Sakkwato don a gani? Ya ce ko labule. Na ce Murtala, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini in nemo wani. Ya ce a'a, Allah shi huci zuciyar Gwaggo.

Washegari na zo duba aiki na tarar ya kafa shi can ƙasa-ƙasa, bai ko kai ƙugun mutum ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Murtala! So kake manyan mutane su yi ta duƙawa? Ɗaga shi sama." Ya ce ai haka ake sa shi. Na ce a gidan wasu ke nan. Bawan Allah ya fasa tayil ɗin da aka riga aka manna, ya ɗaga shi har wajen cibiya. Na sa ya kafa madubi a samansa, da ɗan ƙarfen rataye tawul a gefe, da wurin ajiye sabulu. Da ya haɗa ruwa na danna maɓallin nan, ruwa ya gangaro ta jikin bangon abin a hankali, shar-shar, ya tsaya da kansa. Na ce kai, Bature ya iya tattalin ruwa.

Duk abin da aka yi a gidan nan ina ɗaukar hoto in tura wa maigidan ta waya. Wannan kaɗai na ɓoye masa, wai ina so ya zo ya gani da idonsa. Na kulle falon na ɗaure makullin a bakin zanena. (Da na tura hoton nan guda ɗaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.)

Rabi ta zo mini har gida ana saura 'yan kwanaki a tare, tana ta murza gefen mayafi tana cewa, "Gwaggo, dama Baban Amira ne ya ce in zo in..." Ban bari ta ƙarasa saƙon mijin nata ba. Na ja hannunta na buɗe mata falon na ce ta ga aikin mijinta, na danna mata maɓalli, na ce ta gwada. Ta wanke hannu ta ce ya yi kyau, ta tafi.

Ranar tarewa aka shirya walima. Motar maigidan ta makara a hanya, bai iso ba sai wajen azahar, lokacin mutane sun riga sun taru a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Ya shigo ta ƙofar cikin gida ya gaida Inna, ya watsa ruwa ya sa babbar riga, aka tafi masallaci. Da suka dawo na aika masa da makulli, na ce ya shiga da manyan baƙi falo. Akwai limamin unguwa, akwai Yaya Bello, akwai abokan maigidan, wasu ma'aikata ne a Gusau, wasu direbobin manyan motoci da suka san Legas kamar gidansu. Sai kuma Kawu, ƙanin Inna, dattijo mai farin gemu da ya taso tun daga wani ƙauye bayan Bukkuyum saboda wannan rana.

Na laɓe a bayan ƙofar da ta haɗa falon da cikin gida ina jiran in ji an yi salati. Na ji shigarsu, ana ta "ma sha Allah, Allah shi sa albarka." Sai kuma na ji ɗif, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Wani ya yi tari. Wani ya ce, "Ikon Allah." Na ce a raina, yauwa, mamaki ya kama su.

Aka shigar da tuwon shinkafa da miyar taushe da naman rago. Can sai ga saƙo daga maigidan, wai a kai musu buta da roba na wanke hannu.

Buta da roba? Bayan duk wahalar da na sha? Na ce lallai mutanen nan ba su gane amfanin abin ba, kuma kunyar tambaya suke ji. (Ku ji fa. Su ne ba su gane ba.) Na yafa babban mayafi na ce bari in je gaisuwa, in ya so in wayar musu da kai.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaida liman, na gaida Kawu, na gaida Yaya Bello da sauran. Aka amsa, kowa idonsa a kan kwanon tuwo. Maigidan yana ta yi mini wata alama da gira, na ɗauka godiya ce. Sai na gyara murya na ce:

"An ce a kawo buta. Ai ba sai an kawo ba, ga wuri nan na sa an yi muku musamman. Duk mai buƙata ya tashi ya yi a nan, ba sai ya fita waje ba."

Shiru. Wani direba abokin maigidan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa.

Ganin ba wanda ya motsa, sai na ƙara: "Kada ku ji nauyi, don ku aka yi shi. Ni kaina na gwada da safen nan, ba ya fantsama ko kaɗan. In Malam zai fara, sai saura su bi."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Direban nan ya tashi ya fita da gudu kamar an kira shi. Maigidana kuwa ya kafa wa silin ido kamar ranar ya fara ganin fanka.

Kawu ne ya miƙe. Shi dai bai ga abin shiru ba. Ya naɗe hannun riga ya je gaban abin ya ce, "Ina aka taɓawa, ɗiyata?" Na ce ya danna na azurfar. Ya danna, ruwa ya gangaro. Ya wanke hannu da sabulu, ya tara ya kurkure baki, ya shafa a gemu, ya dubi madubi ya gyara rawani. Ya ce, "Kai, wanga abu ya yi kyawo! Birni ya taho gida. Allah shi yi maki albarka."

Wani daga cikin ma'aikatan Gusau ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa ta hanci. Kawu ya juyo ya ce, "Mi ya faru?"

A nan ne Yaya Bello ya yi abin da ban fahimta ba sai daga baya. Ya watsa wa mai dariyar wani kallo, ya miƙe da babbar rigarsa ya ce, "Ba komi, Kawu. Ba su saba gani ba ne." Ya je ya danna, ya wanke hannunsa sosai har wuyan hannu, ya goge da tawul, fuskar nan tasa ba alamar wasa. Ya juyo ya ce, "Bismillah, Malam." Liman ya tashi. Daga nan kowa ya tashi. Na bar su sun yi layi a gaban abin, manyan mutane da manyan riguna, kowa yana jiran na gabansa ya gama.

Na koma cikin gida kamar in taka rawa. Tsakar gida cike da mata, dangina da dangin miji da maƙwabta. Na tsaya daidai inda matar Yaya Bello take zaune, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Wanda ya ce mace ba ta san gini ba, yanzu na baro shi yana layi a gaban aikin mace." Aka yi shewa. Inna ta ce, "Ban faɗa maku ba?" Rabi kaɗai na ga ta tashi ta shige kicin.

Bayan la'asar baƙi suka ragu, maigidan ya kira ni ɗaki ya turo ƙofa. Na zauna ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Maman Hafsa, kin taɓa shiga banɗakin maza? A banki, ko a babban asibiti, ko gidan mai na hanya?"

Na ce, "Subhanallahi, me zai kai ni?"

Ya ce, "To shi ya sa." Ya matso ya rage murya. "Abin nan da kika sa a falo, wurin fitsari ne. Na maza, a tsaye."

Da farko ban ma ji komai ba. Sai maganganun suka fara dawo mini ɗaya-ɗaya. Otal kike ginawa ko makaranta. Na maza ne. Ko za a yi katanga saboda sutura. Sannan nawa: duk mai buƙata ya tashi ya yi a nan. Ni kaina na gwada da safen nan. In Malam zai fara. A gaban liman. A gaban wan mijina. A gaban direbobin da gobe za su kai labarin har Legas. Na zame daga bakin gado na zauna a ƙasa na rufe kaina da mayafi. Na yi kuka sosai, irin kukan da ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Maigidan yana ba ni haƙuri yana cewa ai sabo ne, ba wanda ya taɓa amfani da shi, ruwa ne mai tsabta. Amma ina jin muryarsa tana rawa, sai ya juya baya. Daga ƙarshe ya ce bari ya je ya dawo, na ji shi a bayan taga yana tuntsira dariyar da ya riƙe tun azahar.

Ranar ban ƙara fita tsakar gida ba, na ce kaina ke ciwo. Amma ina, kafin magariba mazan sun gaya wa matansu. Washegari waɗanda suka yi mini shewa jiya suka riƙa zuwa wai sun manta ba su ga falo ba. Mai zuwa sayen atamfa sai ta gama ciniki ta ce, "Maman Hafsa, ko zan ɗan wanke hannu?"

Rabi ta zo tana hawaye ta ce Murtala ya roƙe ta ta faɗa mini, ita kuma da ta ga yadda nake murna sai bakinta ya mutu. Shi kuwa da maigidan ya ce masa don me bai yi magana ba, cewa ya yi, "Alhaji, da wane baki zan ambaci sunan abin nan gaban Gwaggo?" Ya zo ya cire shi a ranar da na tabbatar ba na gida. Watanni muka yi ni da shi muna gudun juna, in ya biyo ta wannan lungu in bi ta wancan.

Mafi nauyi shi ne zuwa gaida Yaya Bello, don na san matarsa ta kai masa abin da na faɗa a tsakar gida. Mutumin da ya san sarai mene ne abin, ya sa hannunsa a ciki don kada Kawu ya kunyata, don kada ni ma a yi mini dariya a fuska, shi na je ina yi wa gori a gaban mata. Na durƙusa a zaurensa na kasa ɗaga kai. Na ce, "Yaya, a yi mini aikin gafara."

Ya ce, "Tashi, ba komi. Tayil ɗin da kika zaɓa ya yi kyau, ko ni ba zan zaɓi kamarsa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai in za ki sake zuwa Sakkwato, ki tafi da namiji ko guda." Na yi masa sallama na fito. Inna ma ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, illa dai ta daina faɗin ina da ido.

Kawu kuwa dangi suka haɗu a kan kada wanda ya kuskura ya gaya masa, tunda har baki ya kurkure. Ya koma ƙauye da labarin abin mamakin da ya gani a Gummi. Bayan an yi girbi sai ga saƙonsa ta hannun wani mai kabu-kabu, da buhun wake na tsaraba: wai ya gyara zaurensa, yana so in taimaka in sayo masa irin wancan wurin wanke hannun, tunda ni na san inda ake samu, kuma in turo masa yaron da ya iya kafawa.

Na aika masa da besin wanke hannu na gaske, na ce wancan kamfanin ya daina yi. Ya karɓa ya yi godiya, amma ya ce a faɗa mini gaskiya bai kai na farko kyau ba.

Yanzu ko ludayi zan saya, in siffarsa ta ɗan bambanta da wanda na sani, sai na tsaya na ce wa mai kaya, "Malam, don Allah me ake yi da wannan?" Wasu su yi mini kallon 'yar ƙauye, ni kuwa ko a jikina. Kuma in za ki sa a yi miki aikin banɗaki, 'yar'uwa, ki nemo wanda ba ya jin kunyarki. Surukinki zai bar ki ki faɗa rami yana durƙushe yana yi miki sannu.